Tsofaffin 'yan zaɓi-sonka: in ƙafa ta gaza, taro ya bi su gida

Ƙungiyoyin masu sauraren rediyo na Bauchi da Gombe suna tsufa a gaban idonmu. Waɗanda suka raya su matasa ne a shekarun 1970 da 1980. Yau mafi yawansu sun ba sittin baya, wasu sun doshi tamanin. Taron da a da sai an ari ajin firamare ko an kafa rumfa, yanzu tabarma biyu ta ishe shi. Wannan kam haka rayuwa ta gada. Inda nake ja shi ne yadda ƙungiyoyin, da iyalan dattawan, da gidajen rediyon kansu suka ɗauka duk wanda ya daina zuwa taro ya bar harka. Gwiwa ce kawai ta zaunar da shi, mu kuma muka nace sai ɗan saba'in ya sa rigar da aka ɗinka wa ɗan talatin.

Yaron da ya tashi bayan zuwan wayar salula a 2001 da wuya ya gane wahalar da mutanen nan suka sha da son ransu. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya fara a 1962, rediyon Jamus ya buɗe nasa sashen Hausa a 1963, Muryar Amurka ta biyo baya da nata a 1979. Mai son a ji sunansa sai ya sayi katin zaɓi-sonka, ko ya nemi takarda da ambulan, ya jero waɗanda yake gaisarwa da rubutu mai kyau, ya liƙa kan sarki, ya hau keke zuwa gidan waya. Daga nan sai jira. Kullum dare kunne na jikin akwati, ana murɗawa a hankali har a kamo Kaduna a mita 49, ana jan eriya, wani ma ya ɗaura mata waya ya maƙala a taga don ƙarar ta ragu. Batir in ya yi sanyi a shanya shi a rana, ya ƙara kwana biyu. Ranar da aka karanto katin kuwa, kafin a watse daga wurin mai shayi duk layi ya ji cewa wane ya fito a rediyo.

Ta haka mutumin unguwar Jahun ko Kobi a cikin garin Bauchi ya san sunan wani a Jekadafari ta Gombe ko Azare ko Kumo shekara da shekaru kafin su haɗa ido. Kowa da inkiyarsa: wani da sana'arsa, wani da shagonsa, wani da sarautar wasa da abokai suka naɗa masa. Gaisuwa ta jawo ziyara, ziyara ta haifi ƙungiya mai shugaba da ma'aji da littafin karo-karo. Da aka cire jihar Gombe daga Bauchi a 1996, rabon bai shiga tsakaninsu ba. Suna a Bolari ta Gombe, ɗaurin aure a Bakaro ta Bauchi, mota guda ake cikawa. Kada a manta da mata. Matan aure da yawa da ba sa fita, ta kati suka yi ƙawaye a garuruwan da ba su taɓa takawa ba, kuma su ne yau aka fi saurin mantawa da su.

Na ɗauki 'yan rediyo ne don su na fi sani. Labarin ɗaya ne da na mai kiwon tantabara da hawa tsani ya gagare shi, da 'yan darar gindin bishiya, da mahayin da a da ba a hawan sallah ba shi, yanzu ya miƙa wa jika linzami.

Abin da ya rage musu gudu ba ɓoyayye ba ne. Hawan jini, ciwon suga, yanar ido, kunne ya yi nauyi. Ga kuma aljihu. Tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ba ta kuma tsaya nan ba. Tsakanin Bauchi da Gombe kilomita 150 ne da ɗoriya, amma ga ɗan fansho tafiyar ta zama abin da sai an zauna shawara da iyali.

Amsar da na fi ji daga matasan ƙungiyoyin ita ce, ai an buɗe musu zaure a WhatsApp. Ban raina wannan ba. Saƙon murya ya yi wa dattawa rana, musamman wanda karatun ƙananan baƙaƙe ya fara ba shi wahala, kuma ya kai gaisuwa inda kuɗin mota bai kai ba. Amma a je a duba yadda abin ke gudana a hannun dattijo. Wayar tana wurin jika sai dare. In an buɗe, saƙo ya taru jibgi: bidiyon 'yan siyasa, maganin da ke warkar da cuta arba'in, barka da Juma'a mai furanni daga mutum ashirin. A tsakiyar wannan tarkace ne sanarwar rasuwar abokinsa na shekara arba'in take kwance, da hoto da addu'a, sai ya gani bayan an yi sadakar uku. Data ta ƙare, ya yi mako ba a ji ɗuriyarsa ba, ba wanda ya ankara, domin a zaure mai mutum ɗari biyu shirun mutum ɗaya ba ya jin ciwo. A taron tabarma kuwa, da an ga gurbinsa za a ce, "Yau ina Malam?" kuma kafin magariba wani ya leƙa gidan.

Sai iyali. Kowa ya san wannan zance: "Baba, don Allah ka huta. Wannan yawon rediyon ai ka wuce shi." Shi kuma ya ce, "To ɗan nan, in na zauna wa zan yi hira da shi, bango?" 'Ya'yan suna da gaskiyarsu. Dattijo mai hawan jini ba shi da dalilin matsuwa a bayan motar haya zuwa Misau da zafin Afrilu don taron wata-wata. A hana shi wannan, na yarda. Matsalar ita ce hanin ba ya tsayawa nan. Daga Misau sai a hana shi Wunti da ke nan cikin garin Bauchi, daga Wunti sai ƙofar gida, a kai shi ɗaki a kunna masa talabijin a ce an kyauta masa. Mutumin da ya yi shekara arba'in ana kiran sunansa a iska, ya wayi gari ba mai tambayarsa sai in lokacin magani ya yi. Ba banza ba Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman kan kaɗaici a 2023. Mu a nan muna taƙamar ba mu da wannan cuta saboda gidajenmu cike suke, alhali ana iya kaɗaici a gida mai mutum talatin in babu sa'an hira.

Wasu kuma kan ce shekarun nan na tasbaha ne da masallaci. Ba wanda ya ƙi. Sai dai duba mara lafiya da raka gawa suna cikin haƙƙoƙin da Musulmi ke bin ɗan'uwansa, kuma rabin aikin tsofaffin ƙungiyoyin nan yanzu shi ke nan. Rediyon dalili ne kawai na haɗuwa. Ya kuma haɗa Musulmi da Kirista, na cikin gari da na Dass ko Kaltungo, a kan tabarma ɗaya, abin da tarukan zaman lafiya na otal ke kashe kuɗi suna nema.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake, amma ba su ce lallai ƙafar tsohon ba. Ƙungiya ta ɗauki taronta ta kai ƙofar gidan wanda ya kasa fita, wannan wata a Fadaman Mada, na gaba a Yelwa, tsakanin la'asar da magariba, a tashi kafin a gajiyar da shi. A kuma faɗa wa mai gida tun da wuri cewa ruwa ya isa, domin kunyar rashin abin saukar baƙi ta sa dattawa da dama cewa ba sa nan alhali suna ciki. Tarar rashin zuwa taro da kuɗin wata, a ɗauke wa duk wanda ya ajiye aiki. Abin kunya ne ma'aji ya buɗe littafi yana karanto bashin mutumin da shi ya sayi littafin farko. Cikin matasan ƙungiya ba a rasa mai Keke Napep ko mashin, sai ya ɗauko biyun da ke kusa. Na nesa kuma a raba sunayensu, kowa ya riƙe mutum ɗaya da zai riƙa kira da baki duk Juma'a. Matan su ma a kai musu nasu zaman cikin gida, kada a tsaya a zaure a aika musu da gaisuwa.

Gidajen rediyo su ne suka fi cin bashi. Waɗannan mutane su suka riƙe su tun ba a san FM ba. Yau shirin gaishe-gaishe ya koma na kiran waya, wanda ya fi saurin yatsa da kuɗi a layi shi ke shiga. Dattijo kafin ya laluɓo tabarau ya danna lamba an rufe fili. Da Muryar Amurka ta yi shiru a watan Maris na 2025 bayan umarnin gwamnatin Trump, matasa ko a jikinsu, amma akwai dattawan da suka yi kwanaki suna murɗa akwati suna zaton batir ne. Gidan rediyon jihar Bauchi, wato BRC, da na jihar Gombe da masu zaman kansu za su iya ware kwatan awa ɗaya a mako, mai gabatarwa ya zama shi ke kiran tsofaffin masu saurare, su gaida abokansu da bakinsu, a naɗi hirar a ajiye. Da yawansu na riƙe da wasiƙu da katuna da kalandun da tashoshi suka aiko musu, kuma sun san tarihin shirye-shiryen da ma'aikatan yanzu ba su tarar ba. Kuɗin kiran gaba ɗaya bai kai na tallar minti ɗaya ba, lambobin kuwa suna nan a littafin sakataren kowace ƙungiya.