Kacici-kacicin Turawa da musun majalisarmu ta Sakkwato

Turawan Ingila suna da wata ɗabi'a da har yau ban gama mamakinta ba. Manya da furfurarsu, likita da direban bas da tsohuwa mai cin fansho, sai su taru da dare a tsakiyar mako, su kasu rukuni-rukuni, wani ya tsaya yana jefo tambayoyi suna rubuta amsa a takarda. Wane kogi ne ya fi tsawo a Turai? A wace shekara ɗan Adam ya fara taka wata? Ƙashi nawa ne a jikin baligi? Galibi a mashaya ake yi, can kuwa ba wurin zuwana ba ne, amma makarantun yara da wuraren aiki a nan Manchesta su ma sukan shirya idan za a tara kuɗin taimako, a nan na gane wa idona. Kyautar ba ta taka kara ta karya ba, wani lokaci kwalin cakulan ne kawai. Duk da haka za ka ga dattijo ya dafe kai yana cizon yatsa don ya rubuta Sidni a matsayin babban birnin Ostareliya, alhali Kanbera ne.

Abin ya shiga jininsu. Shirin University Challenge yana talabijin tun 1962, Mastermind tun 1972. Shi kansa Who Wants to Be a Millionaire da muka riƙa kallo a Najeriya daga 2004, a nan aka ƙirƙiro shi a 1998. Hatta gwamnati, kafin ta ba baƙo izinin zama na dindindin, sai ta zaunar da shi gaban kwamfuta ya amsa tambaya 24 cikin minti 45, kuma sai ya ci 18. Haka na zauna da girmana ina haddace matan Sarki Henry na Takwas su shida, da yaƙin Hastings na 1066.

Idan ana maganar zurfi, ban ga abin da za su nuna wa Basakkwace ba. Akwai dattawa a Kanwuri da za su jero maka Sarakunan Musulmi tun daga Muhammadu Bello har zuwa Sa'ad Abubakar ba tare da sun yi tuntuɓe ba, su gaya maka wane ne ɗan wane, wa ke kwance a Hubbare, wa ke Wurno. Tambayi abokin aikina Bature abin da ya faru a 1066, kafin ka rufe baki ya ba ka amsa. Ka ce masa me ya haddasa, sai ya ɗaga kafaɗa. Dattijon namu kuwa wataƙila ba zai ce maka 1804 ba, amma zai ɗauko ka daga Degel, ya bi da kai hijirar Shehu zuwa Gudu, ya kai ka Tabkin Kwatto inda Abdullahi ɗan Fodiyo ya ja runduna aka karya Yunfa, ba zai sake ka ba sai Alƙalawa ta faɗi. Nasu ilimin tsabar gero ce a warwatse, namu damme ne a ɗaure.

Amma akwai abu biyu da nake ganin sun fi mu, ko da faɗinsu ba zai yi wa wasu daɗi ba.

Na farko, a wurinsu amsa ita ke yanke hukunci. Na ga rukunin masu shara da masu gadi sun kayar da rukunin shugabannin wurin aikinmu, aka tafa musu, shugaban da kansa ya miƙa kwalin cakulan yana dariya. Mu kuwa a majalisa, musu yana ƙarewa ne a kan wanda ya fi shekaru ko wanda ya fi murya. Da na je gida hutu, bayan sallar isha'i muna zaune a ƙofar gida ana shan shayi, gardama ta tashi kan ko rana ɗaya aka cire Kabi da Zamfara daga tsohuwar jihar Sakkwato. Baffana ya kafe cewa tare aka yi. Wani ɗan ƙanena da ke jami'a ya sunkuyar da kai, cikin ladabi ya ce, "Baffa, Kabi 1991 ce lokacin Babangida, Zamfara sai 1996 lokacin Abacha." Baffa ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai ɗan nan, mi kas sani? Muna nan anka yi." Shi ke nan. Yaron ya mai da wayarsa aljihu, aka zuba shayi na biyu. Kowa a wurin ya san yaron ne da gaskiya, kowa kuma ya yi shiru, har da ni. Girmama manya abu ne da ba zan so mu rabu da shi ba, na ga yadda rashinsa yake a nan Ingila. Sai dai yaron da aka rufe wa baki sau uku ba zai ƙara kawo abin da ya karanta majalisa ba.

Na biyu shi ne faɗin sani. Tarihin jihadi da addini mun riƙe su gam, amma da an fita daga nan sai ka ga manya suna cewa wannan ai karatun 'yan boko ne. Mutum nawa ne cikin masu wucewa ta Kalambaina kullum suka san cewa dutsen da ake haƙa ana yin siminti da shi a ƙarƙashin teku ya taru? Kusan shekara miliyan 60 da suka wuce ruwan teku ne ya rufe yankin nan namu, ɓawon halittun cikinsa ne ya daskare ya zama dutsen. A duwatsun Dukamaje an tono ƙasusuwan wani irin kada na zamanin da, har masana suka raɗa masa suna Sokotosuchus a 1975. Sunan garinmu yana cikin littattafan kimiyya na duniya, mu ba mu da labari.

Ko tukunyar miya ka leƙa akwai abin tambaya. Tumatir da tattasai da attaruhu da gyaɗa da masara da rogo duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso wannan ɓangaren duniya ba sai bayan 1492. Gero kuwa namu ne na gado, a Sahel aka fara noma shi, fiye da shekara 4,000. Sai jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta riƙa ƙetare Sahara a bayan raƙuma har Turawa suka ɗauka daga Maroko take, suka kira ta fatar Maroko suna yi wa manyan littattafansu bango da ita.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan ƙuntatawar ba gadonmu ba ce. Lokacin da Hugh Clapperton ya iso Sakkwato a 1824, ya rubuta cewa Sarkin Musulmi Bello ya yi masa tambayoyi kan ɗariƙun Kiristoci na da can, har shi Baturen ya rasa ta cewa. Da ya nuna masa taswirar sama, Bello ya riƙa kiran taurari da buruji da sunayensu na Larabci. Da ya dawo a 1826, cikin tsarabar da ya kawo har da littafin lissafin Euclid da Larabci. Mutumin da ya gina birnin Sakkwato a 1809 ya yi rubutu kan magani, ya yi kan labarin ƙasa. Da za a zaunar da shi a irin taron Turawan nan, ba na jin akwai rukunin da zai so karawa da shi.

Matasanmu ma ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba. Shiga gidan kallon ƙwallo a Mabera ko Runjin Sambo ka ce Leicester ba ta taɓa cin gasar Firimiya ba, ka ga yadda za a yi maka ca da 2016, har da sunan mai horarwa. Wannan shi ne kacici-kacicin da nake magana, kuma a can babu ruwan kowa da shekarunka. Amma ka tambayi waɗannan samarin me ya faru a Giginya ranar 15 ga Maris 1903, sunan da ke kan filin wasan da suke zuwa, da yawa sai sosa ƙeya. Ba laifinsu ba ne. Ƙwallo an mai da ita abin gasa da raha, shi kuwa labarin karawar Sarkin Musulmi Attahiru da Turawa a ranar, da tafiyarsa har Burmi, an bar shi sai a zauren lacca.

Wani zai ce wannan shagala ce, tara ilimin da ba ya kai mutum ko'ina. Ban yarda ba. Da Inna take jefo mana "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" a tsakar gida muna rige-rigen cewa tsintsiya, ba shagala take yi ba, wasa ƙwaƙwalwa take yi mana. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa ma daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta samo asali, a can Sakkwato, kuma a wurin alƙali yana kaɗa wa mai karatu ƙararrawa ko ɗan wane ne shi. Ashe mun san gasa, mun san gyara. Abin da muka yi shi ne mun bar kacici-kacici ga 'yan firamare da sakandare, da mutum ya yi aure sai a ga tambayarsa ta zama raini.

Kuma kada mu zauna jiran wani ya rubuto mana tambayoyinmu. A tarukan da na halarta a nan Ingila, idan aka zo kan Afirka ba ya wuce kogin Nilu da dutsen Kilimanjaro da Mandela. Ba wanda zai tambayi ƙofofin Sakkwato takwas, ko a kan wane kogi madatsar Goronyo take, ko shekara nawa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya yi a kan gado, daga 1938 zuwa 1988, ko wace ce ta kafa 'Yan Taru ta riƙa tura jajoji, wato malamai mata, ƙauyuka suna koyar da mata.

Abin ba ya bukatar kuɗi. Gidan rediyon Rima zai iya haɗa unguwa da unguwa, Ƙofar Rini da Ƙofar Atiku, kowane rukuni a sa dattijo da matashi da mace, yadda mai tarihin Gobir zai dogara da mai sanin taurari, shi kuma ya dogara da wadda ta san kicin. Tambayoyin tarihi a tantance su a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu don kada a yi ta ja-in-ja. Ƙari ɗaya da zan so a yi, wanda Turawa ba sa yi: duk wanda ya ci tambaya a ba shi minti biyu ya ba da labarin da ke bayanta. Wahalar kawai ita ce samun alƙalin da zai iya duban tsabar idon Baffa ya ce masa bai ci ba. Ni dai ba zan karɓi wannan aiki ba, ina so in ci gaba da zuwa gida hutu.