Wa zai yi wa Gidan Makama yaɓe nan da shekara ashirin?

A da akwai wani zaure a unguwarmu cikin birni, irin mai daurin guga ɗin nan, wato rufin ƙasa mai lanƙwasa, wanda in ka shiga da azahar a tsakiyar bazara sai ka ji kamar an kunna maka esi. Tun muna yara duk shekara kafin ruwa ya sauka wani tsoho magini yake zuwa da yaransa biyu, a zubo jar ƙasa a ƙofar gida, a zuba ruwa da ramno a tattake, a bar kwaɓin ya kwana ya kwana har ya fara wari, sannan ya hau sama ya duba indararo ɗaya bayan ɗaya, ya toshe inda ya tsage, ya yi yaɓe, ya bi da makuba, abin da ake shafawa don kada ruwa ya ci bango. Na sha ganinsa ya damƙi ƙasa a hannu ya matse, ya sake ta, ya shinshina, ya ce wa mai jaki wannan ba ta gini ba ce, mayar da ita inda ka ɗebo. Mu dai dariya muke yi, ƙasa ai ƙasa ce.

Da tsohon ya rasu, Allah ya jiƙansa, yaran nan biyu ɗaya ya koma buga bulo ɗaya ya kama acaɓa. Masu gida da suka ga zaure ya fara zubewa sai suka kira birkila, shi kuma ya yi abin da ya iya, ya shafe bangon tas da siminti, aka yi fenti, kowa ya zo yana barka an gyara zaure. Damina biyu aka yi. A ta uku filastar ta ɓaɓɓako kamar ɓawon rogo, muka ga ƙasar da ke ciki ta jiƙe ta zama kunu, kan azara duk ya ruɓe. Yanzu wurin shago ne mai ƙofar ƙarfe, ana cajin waya.

Ban ga laifin birkilan ba ko kaɗan, ba wanda ya taɓa koya masa cewa ginin ƙasa numfashi yake yi. Bangon ƙasa yana shan danshi yana fitar da shi, in ka rufe shi da siminti ruwan da ya shiga ta ƙasa ko ta wata ƴar tsaga ba shi da hanyar fita, sai ya zauna ciki yana cin bangon a ɓoye, waje kuwa sumul. Tsohon nan da bai taɓa shiga aji ba ya san wannan. Tambayar ita ce yau wa ke koyar da shi, kuma a ina.

Duk lokacin da wani sashe na ganuwar Kano ya faɗi ko aka yanka fuloti a jikin badala, sai Facebook ya cika da kuka, tarihi na tafiya, gwamnati ta kawo ɗauki, a ware kuɗi. Ni ma ina cikin masu kukan. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara tun ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa, wadda tun 2007 take cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tana neman a sa su cikin kayan tarihin duniya, ai dole a yi kuka. Amma a ce gobe an wayi gari an ware biliyoyin, wa za a ba aikin? Ɗan kwangila za a ba, shi kuma ya kira injiniyan da ya karanta kankare da rodi, a ƙarshe a yi mana katangar bulo a shafa mata jan fenti a ce ganuwa ce. Ba zato nake ba, mun ga yadda aka yi da ƙofofi. Ƙofar Na'isa a 2010 aka rushe ta don faɗaɗa titi, kuma ƙofofin da ake sake ginawa yanzu da siminti ake yinsu, suna ne kawai na da.

Shi ya sa nake ganin mun sa keken gaba da doki ne in muna maganar kuɗi kafin maganar hannu, kai bari ma in faɗa da Hausa sosai, muna neman gyaran gangar auzinawa ne. Ginin ƙasa ba a gyara shi sau ɗaya a tafi. Kulawa yake so duk shekara kamar gona, kuma mai kulawar sai an koya masa, shekara da shekaru yana bin babba yana miƙa tubali kafin a bar shi ya ɗaura baka ɗaya, wato lanƙwasar nan da ke ɗauke da rufi.

Da muna da wannan makarantar, kawai dai ba ta da allo da rajista. Gini sana'a ce ta gado, akwai Sarkin Magina a fada, akwai unguwannin da aka san su da ita. A Zariya har yau akwai zuriyar Babban Gwani, Malam Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birni a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarimu, ginin da masana gine-gine daga Turai suka zo suka auna suka riƙe baki, don yadda aka jera azara gajeru gajeru a cikin ƙasa aka ɗaura bakuna masu faɗi ba ƙusa ba ƙarfe. A shekarun 1970 aka yi sabon masallaci na zamani ya lulluɓe abin da ya rage na tsohon. In kana son ganin kamanninsa cikakke sai ka je Jos, gidan tarihin gine-ginen gargajiya, inda wani Baturen Folan mai suna Dmochowski ya sa aka kwaikwayi masallacin da wani yanki na ganuwar Kano. Abin lura a nan shi ne shi Baturen zane da awo ya yi, da aka zo ɗora tubali maginan gargajiya aka nemo. A lokacin ana samunsu. Yau fa?

Jami'o'inmu suna da sashen zanen gine-gine, na ABU Zariya ma yana cikin mafi tsufa a ƙasar nan, kuma ban ce ba a taɓuka komai ba, ɗalibai sun rubuta kundaye da yawa a kan zanko da soro da dagi, malamai sun yi bincike mai kyau. Sai dai kundi ba ya hawa tsani. Yaro zai gama digiri ya iya zana daurin guga a kwamfuta, ya faɗa maka sunan kowane sashe da Turanci, amma bai taɓa taka kwaɓi ba, bai san azarar da gara za ta ci da wadda ba za ta ci ba, bai san laso ba balle ya haɗa shi. Laso fa siminti ne namu na da, katsi na marina ake haɗawa da gashin da majema ke cirewa a fata da dafara, a shafe rufin soro ruwa ya bi ta kai ya wuce. Duba sana'a nawa ke cikin wannan abu guda, marini da majemi da magini, in ɗaya ta mutu sauran sun gurgunce. Makuba kuma daga ɓawon ɗorawa ake samunta. Wannan ilimi ne na kimiyya tsantsa, amma da yake a bakin tsoho mai ƙura a ƙafa yake, ba a ɗauke shi ilimi ba.

Ku dubi maƙwabta. A Djenne ta ƙasar Mali, babban masallacin da aka sake ginawa a 1907 har yau da ƙasa yake tsaye, saboda duk shekara gari gaba ɗaya ake fitowa yaɓe, yara na ɗebo kwaɓi, mata na kawo ruwa, magina na sama a kan itatuwan nan da ke fitowa daga jikin bango, waɗanda baƙo zai zata ado ne alhali matakala ce da aka bari don gyara. Maginan garin suna da ƙungiyarsu ta gado, kuma ranar yaɓen nan ita ce ajin farko na duk yaron da zai zama magini. Da masu tsattsauran ra'ayi suka rurrushe hubbaren waliyyai a Timbuktu a 2012, UNESCO ta kawo kuɗi, amma maginan garin ne suka sake gina su aka gama a 2015, da ƙasarsu da dabararsu, matasa na biye da su suna koyo. Da babu su da kuɗin ba abin da zai tsinana.

Nan kusa da mu ma, hasumiyar masallacin Agadas mai tsawon mita 27 tana nan saboda ana yi mata yaɓe a kai a kai, kuma tsohon garin ya shiga jerin UNESCO a 2013. A ƙauyen Yaama cikin jihar Tawa wani magini manomi, Falke Barmu, ya gina masallacin ƙasa da ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Bahaushe ne irinmu, ba digiri. Faransa kuwa, wadda ba ta rasa siminti ba, tun 1979 take da cibiya a Grenoble mai suna CRAterre da ba ta da aiki sai bincike da koyar da ginin ƙasa, har ƴan Afirka ke zuwa can yin kwas. Wato ɗanmu zai nemi biza ya je Turai a koya masa abin da kakansa ke yi a bayan gida. Abin dariya abin takaici.

Na san me wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Za a ce malam kai kana kwana a gidan bulo mai tayil kana yi wa talaka wa'azin ginin ƙasa, alhali duk damina gidajen ƙasa ne ke faɗowa kan mutane. Haka ne, ana asarar rayuka, ba abin wasa ba ne. Amma je ka duba gidajen da ke faɗuwa, yawanci ko dai an daina kula da su, ko an toshe magudanar ruwa ruwa na kwanciya a gindin bango, ko an cike kududdufin da ruwan unguwa ke tafiya an yi gini a kai, ko kuma tun farko wanda bai iya ba ne ya gina. Rashin gwani na cikin abin da ke kashe mutanen. Kuma ni ban ce kowa ya koma gidan ƙasa ba, wanda ke son bulo ya yi bulonsa lafiya. Maganata a kan gine-ginen da ba mu da na biyunsu ne, Gidan Makama, Gidan Rumfa, Gidan Ɗan Hausa, hasumiyar Gobarau a Katsina, gidan Madaki na Kafin Madaki a Bauchi, fadar Sarkin Damagaram, da tsofaffin zaurukan da suka rage a lunguna.

Za a kuma ce matasa ba sa son sana'ar. To ya za a yi su so ta? Yaro na ganin mai sa tayil da mai silin na zamani suna hawa mashin sabo, shi kuwa maginin ƙasa ana kiransa sau ɗaya a shekara a ba shi abin da bai kai kuɗin buhun siminti biyu ba. Ba ƙyama ba ce, lissafi ne. Duk horon da za a yi in babu aiki a bayansa ɓata lokaci ne, irin bitar kwana uku a otal da ake raba jaka da satifiket a watse.

Abin da nake ganin zai yi aiki ba wani abu ne mai tsada ba. A nemo tsofaffin maginan da suka rage, a Kano da Zariya da Katsina da Daura da Damagaram, tun suna da ƙarfin hawa, a ɗauke su a matsayin malamai da albashi, ba a kira su taro a ba su lemo a ɗau hoto ba. Kowane ɗaya a haɗa shi da yara kaɗan da za a riƙa biya alawus, ajinsu kuma ya zama ginin kansa, gyaran shekara-shekara na Gidan Makama ko wani yanki na badala, daga ɗebo ƙasa har shafa makuba. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979 ita ke da alhakin wuraren, masarautu na da Sarakunan Magina, hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna na da tsarin ba masu sana'ar hannu shaidar ƙwarewa ko da ba su yi boko ba. Kowa na da guntun abin a hannunsa, zama ɗaya ne ba a yi ba. Sannan ɗaliban zanen gini da na kwalejojin kimiyya a wajabta musu zango guda a wurin, su cire takalmi su shiga kwaɓi, su kuma su kawo nasu, awo da hoto da gwajin ƙasa a ɗakin bincike da rubuta abin da tsoho ya faɗa kafin ya tafi da shi. Kuma a sa doka mai sauƙi, duk kwangilar gyaran ginin tarihi ba za a biya ba sai da magini mai wannan shaida a wurin. Ranar da aka yi haka satifiket ɗin ya zama abinci, za ka ga yara na layi.

Akwai ma abin da ba a cika tunawa ba, azara. Daga giginya ake tsaga ta, giginya kuwa sai ta shekara da yawa kafin ta isa, kuma ana ta sarewa ba a dasawa. In an horar da magini ɗari babu azarar da za su ɗaura baka da ita an koma gidan jiya, don haka mutanen gandun daji ma suna da kujera a zaman.

Kwanaki na haɗu da ɗaya daga yaran tsohon nan, wanda ya koma buga bulo, yanzu shi ma furfura ta fara fito masa. Na ce masa Malam har yanzu za ka iya daurin guga kuwa? Ya yi shiru, ya ce yaɓe da makuba dai ko cikin barci, amma baka sau biyu kawai ya ga Baba ya ɗaura, kuma lokacin shi miƙo azara yake yi daga ƙasa. Ya ce akwai wani tsoho a wajen gari da ya iya, sai dai an ce idonsa ya fara tafiya.