Kututturen Maraɗi da tukunyar Jigawa

Duk shekara da damina ta kankama sai a kafa rumfa, babban baƙo ya dasa itace, a ɗauki hoto, a watse. Kafin kaka awaki sun cinye rabi, rani ya ƙarasa sauran. Badi ma haka za a sake, da sabon kasafi.

Alhali dajin da ya fi kowanne girma da aka maido a Sahel ba dasa shi aka yi ba. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da ake sharewa lokacin sassabe toho ne na itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Aikin bai wuce adda ba: manomi ya zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture, ya datse sauran, ya kare su daga dabbobi. Waɗanda suka fara sun sha dariya, ana ce musu ƙazaman manoma, don a lokacin gonar da aka share tas ita ce gonar mai himma. Yau ana ƙiyasta an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200.

Baƙo ya nuna, amma manoma ne suka yi, maƙwabci na kallon maƙwabci. Su suka san gawo na kakkaɓe ganye da damina, ba ya hana gero rana, ya kuma bar taki. Su suka san inda za a bar kalgo da sabara. Sai da suka tabbata itacen gonarsu nasu ne, ba na jami'in gandun daji ba, sannan abin ya bazu. Mata kuwa nisan zuwa itacen girki ya ragu musu.

A Jigawa ma, Mohammed Bah Abba, malami daga gidan magina tukwane, hikimar randa ya ɗauka ya ƙara mata: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, danshin tsumma a baki. Ruwan na tashi yana tafiya da zafi, yalon da kan lalace cikin kwana 3 sai ya kai kusan mako huɗu. Abba ya ci kyautar ƙirƙira ta kamfanin agogo na Rolex a 2000.

Wani zai ce ai wannan lallashin talaka ne, wutar lantarki muke so. Yana da gaskiya. Tukunya ba ta sanyi sosai da damina, kuma ba ta sauke wa gwamnati nauyinta. Amma jiran mai iko bai hana mutum taɓa abin da ke gabansa ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke kashe wannan idon na lura da abin da ke gabanmu tun a firamare. Da akwai darasin aikin hannu, yaro ya saƙa mafici ko ya ɗaure tsintsiya da kansa. Yanzu a makarantu da yawa kuɗi ake cewa ya kawo a madadinsu. Yaron da bai taɓa saƙa kwando ba, leda zai karɓa a kasuwa, ledar kuma ita ce a magudanar da ke ambaliya a watan Agusta.

Da ƙananan hukumomi za su yanki wani abu daga kuɗin bikin dashe, su biya magina da masaƙa da manoman da suka iya gyaran kututture su riƙa shiga aji ko sau ɗaya a mako, da kuɗin ya fi amfani. Malaman suna nan a kowace kasuwar ƙauye.