Makarantarmu Mai Ɗaliba Ɗaya da 'Yan Tawaye Biyu

Da rula na zana jadawalin, don kada wani ya ɗauka wasa nake yi. Biro kala uku na sa: ja na haruffa, shuɗi na lissafi, baƙi na hutu. Na manna shi a bangon falo daren Lahadi, na ja da baya na riƙe ƙugu ina kallonsa kamar wadda ta gama ginin jami'a. Maigidana ya leƙo, ya karanta daga sama har ƙasa, ya ce, "Ya yi kyau. To su waɗancan biyun fa, ina za ki kai su daga ƙarfe takwas zuwa goma?" Na ce, "Barci za su yi." Bai ce uffan ba. Ya dai yi irin murmushin nan da ake yi wa majinyaci idan ya ce gobe zai koma aiki.

Yara uku gare ni. Babbar shekararta biyar, ita ce ɗalibar, ƙannenta na ce mata Yaya. Mai bi mata namiji ne, shekara biyu da rabi, ba ya tafiya sai da gudu, ba ya taɓa abu sai ya ga ƙarshensa. Sai Auta, wata bakwai, wanda ya fara rarrafe a makon da na buɗe makaranta, kamar an aika masa takardar gayyata.

Ban shiga harkar da ka ba. Wata guda na yi ina karatu a waya bayan kowa ya kwanta. A nan na haɗu da Charlotte Mason, wata malama 'yar Ingila da ta rasu a 1923, wadda ta ce darasin ƙaramin yaro ya zama gajere, kada ya wuce kamar minti ashirin, domin hankalinsa bai kai ya zauna fiye da haka ba. Na ce wannan mata ta san kan abu. Minti ashirin, ai ko shanya ba na gamawa a cikinsa. Na kuma haɗu da Maria Montessori, likita 'yar Italiya, wadda ta buɗe gidan koyar da yara na farko a wata unguwar talakawa a birnin Rum a 1907, da yara kusan hamsin. Na yi lissafi a raina: ita hamsin, ni uku, kuma ni na haife su. Abin da ban tsaya na bincika ba a lokacin shi ne ita Charlotte ɗin ba ta taɓa haihuwa ba. Ta faɗi minti ashirin ɗinta ne babu goyo a bayanta.

Ranar Litinin ƙarfe takwas daidai na kaɗa ƙararrawa. E, har ƙararrawa na tanada. Wannan ce kuskure na farko, domin Auta da ya yi barci minti huɗu kafin nan ya buɗe ido ya tsala ihu. Na goya shi, na dawo gaban farin allo, na ce, "Yau za mu fara da harafin a." Yaya ta gyara zama, ta ɗaga hannu kamar yadda na koya mata. Zuciyata ta yi fari. Na ce, "Na'am, ɗalibata?" Ta ce, "Mama, yaushe za a tashi?"

Kafin in ba ta amsa sai na lura falon ya yi tsit. Duk uwa ta san shirun ɗan shekara biyu ya fi kukansa tsada. Na waiga, babu shi, babu makar rubutu. Na same shi a bayan kujera ya yi wa kansa gashin baki da gira ta biyu, ya kuma fara yi wa bango aiki. Wallahi har yau ban san yadda aka yi makar da ba ta goguwa ta shiga cikin waɗanda ake gogewa ba. Da na dawo daga banɗaki da shi, fuskarsa ta yi toka-toka kamar gindin tukunya, ƙarfe tara saura kwata. Bisa jadawali, mun gama haruffa, mun gama lissafi, muna tsakiyar hutu. Yaya ta dubi bango ta ce, "Baƙin biro, hutu ne ko?" Karatun jadawalin dai ta iya shi tun ranar farko.

Talata na fito da makamin Montessori. Ita dabararta ita ce a yanka haruffa da samfefa, takardar nan mai kaushi da kafintoci ke goge katako da ita, a manna a kan kwali, yaro ya riƙa bin harafin da yatsa yana furta sautinsa. Hannu na ji, ido na gani, kunne na saurare, sai abin ya zauna. Dabara ce mai kyau, ban ƙi ta ba. Dare biyu na yi ina yanka, almakashina ya dakushe, yatsuna suka yi kanta. Na shimfiɗa su a tabarma, na juya in ɗauko fo saboda mai gashin baki ya yi sanarwa, sanarwar da kullum ke zuwa bayan an riga an gama. Ina dawowa na tarar Auta ya rarrafo ya ɗauki harafin m yana susar dasashi da shi, yana lumshe ido don daɗi. Haƙori yake shirin fitarwa. A duk gidan shi kaɗai ya amfana da tsarin Montessori yadda ya kamata: ya ji da hannu, ya gani da ido, ya ƙara da baki.

Amma inda na ga ta kaina shi ne wajen b da d. An ce yara da yawa kan juya su har su kai wajen shekara bakwai, kuma ba wani abin tayar da hankali ba ne. Dalilin ma na da ma'ana. Tun da yaro ya zo duniya, kofi kofi ne ko hannunsa na dama ko na hagu, takalmi takalmi ne ko ka kife shi. Sai rana ɗaya a ce masa wannan sanda mai tumbi, in tumbin ya kalli can sunanta daban, in ya kalli nan sunanta daban. To mai koyon Turanci da biyu kawai yake fama. Mu da muke rubuta Hausa huɗu ne a kanmu, don ga ɓ ga ɗ, kowanne da ƙugiyarsa a ka. Na rubuta su a jere: b, ɓ, d, ɗ. Yaya ta daɗe tana kallo, ta ce, "Mama, ai duk mutum ɗaya ne. Nan ya juya baya, nan kuma ya sa hula."

Na ce a'a, saurara da kyau. Bari daban, ɓari daban. Dari ba komai ba ne sai ka sa masa ƙugiya ya zama ɗari. Na ce ta maimaita: bari, ɓari. Ta ce bari, ɓari. Ƙanenta da ke gefe ya ji ana ta kiran ɓari, ya ɗauka umarni ne, ya kama gwangwanin da na tara murfin kwalba guda talatin na darasin ƙirga ya juye shi a tsakar falo. Ni da nake goye da ɗaya, na durƙusa ina tsince su da sauri kafin in sauke mai kai komai baki. Na samu ashirin da tara. Sauran awa ɗayan makarantar ranar a neman na talatin muka ƙarar da ita: ƙarƙashin kujera, cikin takalma, har bakin Auta na buɗe na leƙa duk da yana bayana lokacin da abin ya faru. Da daddare aka same shi cikin famfas ɗin wanda ya zubar. Yadda ya shiga, shi da Ubangijinsa.

Daren Laraba na kira yayata, wadda ta raini biyar, ina magana muryata na rawa. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Ke dai kin cika ɗora wa kanki. Yanzu yarinyar ta san wani abu da ba ta sani ba ran Lahadi?" Na ce ta san baƙin biro hutu ne. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "To ai kin ga an fara." Ban ji daɗin dariyar ba, amma na yi barci.

Wato kafin barcin sai da na koma waya neman wanda zai goyi bayana, kamar yadda mai laifi ke neman lauya. Na samu John Holt, wani malamin makaranta Ba'amurke da ya fara fitar da mujalla a 1977 don iyaye masu koyar da 'ya'yansu a gida. Ra'ayinsa shi ne yaro da son sani aka haife shi, in ka bar shi cikin harkokin gida zai koya, ba sai an tsare shi da jadawali ba. Na ce madalla, ashe abin da nake yi suna gare shi. Shi ma dai na duba, ba shi da ɗa ko ɗaya. Na kuma ga a ƙasar Finlan sai yaro ya kai shekara bakwai yake shiga ajin farko na firamare. Nan take na ba kaina hutun shekara biyu a zuci, na ja bargo.

Alhamis ban kaɗa ƙararrawa ba. Na ɓoye ta a saman firji, makar kuma na kulle. Na bar jadawalin a bango don ya rufe gefen zanen da aka yi mana ran Litinin. Muka yi abin da ya samu. Minti shida na haruffa lokacin da Auta ke shan nono, allo a cinyata, ina nuni da haɓa. Minti huɗu na ƙirga sa'ad da ƙanenta ke kan fo, yana kallonmu kamar mai duba malamai. Ƙirgar ma ba ta yi armashi ba. Kullum in ta kai sha biyu sai ta tsallaka sha biyar, in na gyara mata ta ce ta gaji. Na lura dai duk yinin tana riƙe da ɗan littafinta, jifa-jifa ta duƙa ta ja layi da fensir. Na ɗauka zane take yi, ban tambaya ba, domin a lokacin ina ƙoƙarin raba ɗan'uwanta da almakashi.

Da yamma babansu ya dawo, ya zauna yana cire takalmi, ya ce, "To, 'yar makaranta, me aka koya yau?" Gabana ya faɗi. Na fara shirya jawabi a kan ƙasar Finlan.

Ta kawo littafin ta buɗe masa. Layuka ne tsaye, cike da shafi. Ta ɗora yatsa ta fara: ɗaya, biyu, uku. Ta kai sha biyu, na riƙe numfashi. Sha uku, sha huɗu, sha biyar. Ba ta tsallake ko ɗaya ba har ashirin da uku. Na ji ƙwalla ta cika mini ido. Na dubi maigidana irin kallon nan na "ka gani ko?"

Ya ce, "Masha Allah! Ashirin da uku na mene ne?"

Ta ce, "Sau nawa Mama ta ce 'kai, bari!' Abba, ban sa na banɗaki ba, don ƙofa a rufe take, ban ji sosai ba." Sai ta juyo wajena da fensir a hannu. "Mama, barin da kike faɗa, mai hula ne ko mara hula?"

Ban samu na amsa ba, domin daidai lokacin muka ji ƙararrawa na kaɗawa daga wajen firji, da ƙarar kujerar da aka ja aka taka. Na miƙe da gudu, bakina ya riga ni. A bayana na ji ta ce, "Ashirin da huɗu."