Waƙar da ba ta kwana ba

To, mun ji. Mawaƙinku ya saki sabuwar waƙa, kuma tun shekaranjiya sojojin baka suka cika mana waya da "sarki ya dawo", "ba a taɓa yin irinta ba". Wannan kam gaskiya ne. Ba a taɓa jin mawaƙi ya cusa sunayen ƙawayen amarya goma sha huɗu a baiti guda, numfashi ya ƙare masa a ta tara, a kuma fitar da abin a haka ba. Allah ya ƙara basira.

Abin haushin shi ne mutumin ya iya. Da bai iya ba, wa zai ɓata datarsa a kansa? Wannan bakin ne ya yi waƙar da har gobe ake sakawa a adaidaita sahu, direba na bi fasinja na bi. To me ya raba bakandamiyarsa da wannan kwamacala? Kwana. Waccan ta kwana, wannan ba ta kwana ba.

Duk wanda ya san situdiyo ya san yadda ake haihuwar irin wannan. An turo kuɗi da safe, biki jibi ne, jerin sunaye ya shigo ta WhatsApp. Mai kiɗa ba shi da lokacin gina sabon abu, sai ya buɗe tsohon aiki a manhajar haɗa kiɗa irin su FL Studio ko Cubase, ya ƙara gudun kiɗan daga 100 zuwa 108, ya sauya sarewa da goge, shi ke nan wai an yi sabon kiɗa. Matsalar ita ce wancan kiɗan an gina shi ne a kan muryar wani. Idan ki ɗin, wato tsayin sautin da aka ɗora kiɗan a kai, ya fi ƙarfin mawaƙin da mataki biyu ko uku, zai yi ta miƙa wuya yana ƙaraji a amshi. Gyaran bai fi minti biyar ba, a sauke ki ɗin a sake gwadawa. Amma wa ke da minti biyar, Alhaji na kira?

Sai rubutu. A waƙar kirki amshi ake fara kamawa, a yi ta jujjuya shi a baki har ya zauna, sannan a ɗora baitoci a kan awonsa. Kowane ɗango, wato layi guda na baiti, da adadin gaɓoɓinsa, doguwa a gurbin doguwa, gajera a gurbin gajera. Da ka tura suna mai gaɓa biyar a gurbin gaɓa uku, kari ya karye, dole mawaƙi ya haɗiye rabin sunan. Ga kuma abin da Hausa ba ta yafewa, wato karin sauti. Kukan hawaye da kukar miya a rubuce abu ɗaya ne, hawa da saukar murya ne ke raba su. Idan karin waƙar ya sauka inda kalma ke son ta tsaya a sama, masoyi ya tashi daga zubar da hawaye ya koma kaɗa miya. Mawaƙin da ya rera baitinsa da daddare, ya sake rerawa da safe, kunnensa zai kama wannan da kansa. Wanda ya rubuta a waya yana tsaye gaban makirfo ba zai kama ba. Ba ta kwana ba.

Na san za a ce ai Shata ma nan take yake yi. Ku bar Shata ya huta. Mutumin da ya shekara da shekaru da makaɗan kalangunsa da 'yan amshinsa, suka san inda zai ja numfashi tun kafin ya ja, shi za ku haɗa da wanda ya ga mai kiɗansa yau da azahar? Masu cewa "sai ka saurara da hedifon" kuma, na saurara. Ƙarar janareto ce ta ƙara fitowa.

Wajen ɗaukar murya nan ne asiri ke tonuwa. A aikin da aka natsu, kowane baiti ana ɗaukarsa sau uku zuwa biyar, a tsinci ɗangon da ya fi kyau daga kowanne a haɗa. Baki na nesa da makirfo kamar taƙi guda, raga na tsakani don kada "fa" da "ba" su riƙa bugun kunne, an kashe fanka, an bar sarari yadda fitilar sauti ba za ta taɓa ja ba. Muryar da ta fashe wajen ɗauka da wuya ta gyaru sarai, ko wane ne injiniyan. Amshi kuma ana ninka shi, murya biyu hagu, biyu dama, a sake rera na ƙarshe daban don ya fi na farko zafi. A aikin gaggawa fa? Ɗauka ɗaya. Amshi ɗaya a kwafe shi a manna sau takwas, shi ya sa kake jin tarin nan guda yana dawowa kamar bashi. Sannan a murɗe otatun, manhajar nan mai daidaita murya, har ƙarshe don ya rufe ɓarna. Otatun ba ya ƙirƙirar daɗi, muryar kawai yake ja zuwa sauti mafi kusa, idan kuma an saita shi a ki ɗin da ba na waƙar ba, sai ya ja ta inda ba nan ba da cikakken ƙarfin gwiwa.

Kwanan da nake ta nanatawa kuwa ba karin magana ba ne. Kunnen da ya yi awa shida a gaban sifika ya gaji, ba ya bambance kaifi da daɗi, shi ya sa ake ta ƙara ƙara. Ka rufe kwamfuta, ka dawo da safe, ka saurara a ƙaramar waya, a mota, da sifikar shagon mai caji. Sifikar waya ba ta fitar da bes mai zurfi, don haka waƙar da aka jingina da shi kaɗai za ta fito fayau kamar kunun da aka tsinka. Dare ɗaya ke nuna duk wannan.

Wallahi ba ƙiyayya ba ce. Na san waƙar biki da ta siyasa su ke biyan hayar situdiyo da kuɗin makarantar yara, waƙar soyayya sau da yawa sai dai suna. Ba wanda ya ce ya ƙi kuɗi. Ya karɓa, ya rera, ya miƙa wa mai biki kayarsa a filashi, a taka rawa a watse. Amma don Allah kada ya ɗora ta a shafinsa kusa da waccan, ya ce mana duk ɗaya ne. Yaran da ke tasowa suna ji, kuma mai sauƙin suke kwaikwaya.

Af, tunda ana maganar shafi. Baiwar Allahn da ta yi amshin waccan tsohuwar waƙar, wadda rabin daɗin daga bakinta ya fito, har yau ban ga sunanta a ko'ina ba. An rubuta sunan mai ɗaukar hoto, an rubuta na wanda ya ba da aron mota, har mai ɗinkin babbar riga an gode masa. Wai ita sunanta "da sauransu"?