'Yan Tattaki a Gaban Mai'unguwa

(Bayan sallar isha'i ne, a wani ƙauye na ƙasar Ringim. An hura wutar kara a ƙofar gidan Mai'unguwa, kowa ya ƙudundune a bargo. 'Yan ƙungiyar tattaki sun dawo daga Kano, an kira su bayanin kuɗin asusu.)

Mai'unguwa: Malam Hedimasta, ni fa har yanzu abin nan bai shige ni ba. Mutum ya biya kuɗin mota tun daga nan har Kano don ya je ya yi tafiyar ƙasa? Tamu ƙasar ƙarewa ta yi?

Hedimasta: Ranka ya daɗe, likitoci sun ce tafiyar ƙafa tana sauke hawan jini. Ni kuma na ga tunda za a yi, gara a haɗa da ilimi.

Jauro: Aradu ni na kora shanu daga nan har bakin Binuwai a ƙafa, ba wanda ya ce mini ɗan ƙungiya.

Mai'unguwa: Bari dai mu ji. Sarkin Fawa, kai ne ma'aji. Karanto.

Sarkin Fawa: Na farko, koko da ƙosai a tashar Yankaba.

Mai'unguwa: Ba ku karya a gida ba?

Sarkin Fawa: Mun karya, Allah ya ja zamaninka. Sanyin hanya ne ya cinye. Na biyu, shayi da burodi da ƙwai, shi ma a Yankaba.

Mai'unguwa: Tashar ba ta da ƙofar fita ne?

Ɗanbirni: Baba, ai birni ba a faɗa masa da ciki fayau. Ni da na yi shekara ina tura kurar ruwa a Fagge, na san kan garin nan kamar tafin hannuna.

Jauro: Shi ya sa muka wuce mai gyaran agogo ɗaya sau uku a Kurmi. A na ukun har ya ba mu benci.

Hedimasta: A bi abu daki-daki. Dutsen Dala muka fara hawa. Nan ne tushen Kano, ranka ya daɗe. A nan Barbushe ya zauna yana yi wa Tsumburbura hidima tun kafin zuwan Bagauda a shekarar 999. In ka hau ƙololuwa, birnin nan kaf yana ƙarƙashin idonka.

Mai'unguwa: Madalla. Me kuka gani?

Sarkin Fawa: Hazo.

Mai'unguwa: Sai me?

Sarkin Fawa: Sai Malam yana nuna hazon da sanda. Ya ce nan Goron Dutse ne, muka ce na'am. Ya juya ya ce can hasumiyar babban masallaci ce, muka ce masha Allah. Ya nuna wani abu baƙi ya ce ganuwa ce da Sarki Gijimasu ya fara ginawa, sai abin ya yi atishawa. Ashe Jauro ne a cikin bargo.

Jauro: Irin farin nan muna da shi a bayan ruga, kyauta, ba hawan matakala.

Hedimasta: Ilimi ba sai an gani da ido ba. Da muka sauko...

Sarkin Fawa: Na uku, gurasa bandashe a Jakara. Ranka ya daɗe, a nan kam ban yi nadamar ko sisi ba. Matar nan ta ciro gurasa daga tanderu tana tururi, aka yayyafa mata ruwa ta yi laushi, aka barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli mai yaji, aka kwarara man gyaɗa, ga albasa ga tumatir a sama. Malam ya buɗe baki zai ba mu tarihinta, na sa masa loma, tarihin ya tsaya.

Mai'unguwa: Faranti nawa?

Sarkin Fawa: Mu huɗu ne, faranti 9.

Mai'unguwa: Tara ba ta rabuwa huɗu.

Jauro: Ta rabu. Mu ukun ɗai-ɗai, ma'aji ya riƙe sauran amana.

Hedimasta: Daga nan sai kasuwar Kurmi. Sarki Muhammadu Rumfa ne ya kafa ta, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Fatake daga Agadas da Barno da Gwanja duk nan suke sauke kaya. Har gobe akwai 'yan sirdi, da dukawa masu jakar fata, da masu turare, da masu littattafan addini.

Ɗanbirni: Ni na jagorance su lungu-lungu.

Jauro: Wani lungun ma sau uku.

Ɗanbirni: Baffa Jauro, kai da ka tsaya kana rigima da mai fura fa?

Jauro: Yo ba dole ba! Ranka ya daɗe, fura a inji ake dama ta, injin yana kuka kamar an taka wutsiyar kare. Nonon kuma wai na gari ne aka kwaɓa. Na ce yaro, wace saniya ce ke ba da gari? Sannan a wannan ɗarin ya jefa ƙanƙara a ciki. Na ce ya nuna mini ludayi da ƙwarya, ya miƙo mini tsinken roba wai in zuƙa.

Mai'unguwa: Ka sha?

Jauro: Kofi biyu. Don in tabbatar ba ta da daɗi.

Hedimasta: Gidan Makama kuwa, can kusa da fadar Sarki, gidan tarihi ne yanzu. Akwai sulke da kwalkwali da lifidi na mayaƙan da, da tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903.

Sarkin Fawa: Akwai kuma dutsen niƙa da tukunyar ƙasa, sak na ɗakin Iya. Mutane na biyan kuɗi su kalla. Ni dai na ce in mun dawo a kafa wa ɗakin Iya mai yankan tikiti.

Mai'unguwa: Ita Iyar za ta fara korar ka da muciya. Rawanina fa? Na ba ku tsohon rawanina a sake turo shi a marinar Ƙofar Mata.

(Shiru. Ɗanbirni ya shiga gyara wutar da ba ta lalace ba.)

Hedimasta: Marinar nan, ranka ya daɗe, ana cewa tun 1498 take. Ramuka ne masu zurfi, a zuba baba da toka da kanwa, a bar su su yi kwanaki suna tsima. Marini ya tsoma zane ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa, har shuɗin ya kama. Gefe guda ga mabuga da sandunansu suna bugu har ya yi ƙyalli...

Mai'unguwa: Malam, ban ce ka rina ni da magana ba. Ina rawanina?

Jauro: Yana wuyan Ɗanbirni tun Gezawa, wai iskar mota. Da muka isa marina ya ce shi ya san harkar, ba sai an biya marini ba. Ya durƙusa ya tsoma. Rawani ya tafi, hannu ya bi shi har kafaɗa. Yaro, fito da hannun nan daga bargo.

Mai'unguwa: Innalillahi! Wannan hannun mutum ne ko na Buzu?

Ɗanbirni: Baba, sun ce in an kwashe ramin za a ajiye maka. Kuma zai fi na kowa kama launi.

Mai'unguwa: Za mu dawo kanka. Sarkin Fawa, mene ne wannan "ƙafa, ƙafa, ƙafa" har sau biyar a takarda?

Sarkin Fawa: Huɗu na adaidaita sahu ne. Ai ƙafa uku gare ta, mun ga ba a fita daga tsarin ƙungiya ba. Na biyar farfesun ƙafar saniya ne.

Mai'unguwa: Wato ba ku taka ko'ina ba.

Hedimasta: A'a, ranka ya daɗe, akwai shaida. Ɗana ya sa mini manhajar ƙirga taku a waya. Duba nan: taku 21,000.

Jauro: Wayar tana aljihun wa bayan an fito daga marina?

Hedimasta: Ɗanbirni na ba wa ya riƙe.

Jauro: To jiƙaƙƙen mutum a hunturu. Muna zaune a Agadasawa Sarkin Fawa na ɗanɗana kilishin mutane tebur-tebur, yaron nan yana karkarwa, ni ina kallon lamba tana gudu. Kafin a naɗe mana kilishi ya yi taku dubu bakwai a kan benci.

Mai'unguwa: Kilishi? To alhamdulillahi, ko ba rawani akwai tsaraba. Miƙo.

Sarkin Fawa: Ga takardar da aka naɗe shi, Allah ya ja zamaninka. Ka sansana ka ji, na gaske ne. Direba ne ya ce lodi ya yi yawa, muka rage masa.