Ƙari a ƙwaƙwalwa: a gwada abin da aka ciro kafin a sayar da shanu

Idan likita a Garwa ko Marwa ya duba hoton sikana ya ce akwai ƙari a ƙwaƙwalwa, tambayar dangi ɗaya ce: «Likita, zai tashi?» A yau amsar tana cikin ɗan naman da aka ciro lokacin tiyata, kuma ni a ganina sakaci da wannan nama shi ne babbar asarar da masu jinya ke yi a arewacin Kamaru.

Ƙari biyu za su iya yin kama a madubin ɗakin gwaji, amma makomar masu su ta sha bamban. A 2008 masu bincike a Amurka suka gano sauyi a ƙwayar halittar da ake kira IDH1 cikin nau'in ƙarin da ake ce wa giliyoma. Wanda ƙarinsa ke da wannan sauyi yakan yi shekaru, wani ma ya haura goma. Wanda babu sauyin a nasa, kuma ya zama giliyobilastoma, wato nau'in giliyoma mafi tsanani, ko da an haɗa masa gashi (ƙona ƙarin da hasken na'ura) da maganin temozolomide, wani bincike na 2005 ya nuna rabin masu cutar ba sa wuce wata 14.6. Shi ma maganin ya fi cin ƙarin da wata ƙwayar halitta mai suna MGMT ta daina aiki a cikinsa. Idan kuma aka ga IDH ta sauya, wasu sassan ƙwayoyin halitta biyu da ake kira 1p da 19q sun ɓace tare, to ƙari ne mai jin magani sosai. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka alamomin IDH da na 1p da 19q cikin rabe-raben ƙarin ƙwaƙwalwa a 2016, ta ƙara musu nauyi a 2021.

Za a ce zazzaɓin cizon sauro da kwalara ba su bar mu ba, ina mu ina gwajin ƙwayar halitta? Akwai gaskiya a ciki. Amma talaka ya fi kowa buƙatar wannan sani. Magidancin da zai sayar da shanunsa da gonar gado, ya kwana a jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde, ya zarce Duwala neman gashi, haƙƙinsa ne ya san ko shekaru yake saya wa ɗansa ko watanni. Wani zai ci gaba da nema komai sakamakon, wani zai zaɓi a rage wa majinyacin zafi a gida cikin 'yan uwa. Kowanne zaɓi ne na mutunci, in dai da sani aka yi shi.

Ba kowane gwaji ne ke son manyan injuna ba. Akwai rinin da ake ɗigawa a kan yankan naman, yana kama kusan kashi 90 cikin ɗari na sauyin IDH. Wannan bai fi ƙarfin babban asibitin yanki ba, kuma naman da aka adana cikin kakin gwaji yana jure tafiya, ana iya aika shi kudu ko waje. Dangi su nemi wannan kaki da takardar sakamako, su riƙe su da kyau.

Sannan a daina hana 'yan matan gidan aure saboda yayansu ya yi ƙari a kai. Waɗannan sauye-sauye a cikin ƙarin suke faruwa, mafi yawansu ba a gadonsu, ba a kuma gadar da su.